Baraguzan Gidan Tambaya

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta wayi gari babban birnin jiha, duk mai ɗaki kuma ya wayi gari mai abin hannu. Ma'aikata suka yi ta kwararowa da katifunsu ɗaure a kan motoci, suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Har ɗakin da ake ɗaure tumaki sai a share shi, a shafa farar ƙasa, a ce na haya ne.

Tambaya tela ne, yana da kekensa a bakin kasuwa da gidan da ya gada wurin mahaifinsa. Gidan ƙasa ne irin na da: katanga mai kauri kamar ganuwa, zaure mai rufin azara, soraye, sai wasu ɗakunan bulo da aka ƙara daga baya aka rufa musu kwano. Da bazara ta shigo ya yanke shawara zai rushe duk ɓangaren gaba ya gina ɗakunan haya na siminti, shi da iyalinsa su lallaɓa a ɗakin baya.

Matarsa Khadija ba ta hana shi ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Malam, in an rushe, ƙasar hwa ina za a kai ta?"

"Ƙasa ai ƙasa ce," in ji Tambaya. "Daga ƙasa anka ɗauko ta, in ta hwaɗi ta koma gida ke nan."

Ba ta koma ba. Leburori suka sa diga suka gama aikinsu suka tafi, Tambaya ya fito ya tarar da gidan da ya faɗi ya fi gidan da ke tsaye girma. Tsibi ne guda, ƙasa da fasassun bulo da azara da lanƙwasasshen kwano duk a cakuɗe, ya cika filin ya gangaro ya toshe lungu. 'Yan ga-ruwa suka daina shigowa. Masu zuwa masallaci sai sun tattare riga sun hau sun sauka. Awakin unguwa kuwa suka samu abin da suke so: su haye ƙololuwar tsibin, su leƙa gidajen maƙwabta, su zaɓi wanda aka shanya zogale a ciki su dira. Kullum sai an kawo wa Tambaya ƙara a bakin kasuwa, wani har da igiyar akuyar a hannu, alhali akuyar ma ba tasa ba ce.

Daga nan duba-gari ya iso. Ya hau tsibin da ƙyar, ya tsaya a sama yana haki, ya ce in ruwan farko ya sauka wannan abin yana nan, to su haɗu a gaban alƙali. Wajen saukowa ƙusa ta kama masa wando, hakan kuwa bai sa ya ƙara sassauci ba.

Tambaya ya nufi wurin abokinsa Dogo. Dogo direban tifa ne, yana ɗebo yashi daga gulbi, tsawonsa ya sa kullum a sunkuye yake tuƙi kamar mai neman abin da ya faɗi. Tifar ta girme shi, ko dai sa'arsa ce. Ya yarda zai taimaka, amma ya yi wa Tambaya bayanin halinta tun da wuri.

"Tahiya kam tana yi. Jak ɗin da ka ɗaga bodi ne ke da ra'ayi nai. Wata rana in ka taɓa ya tashi, wata rana sai an yi mai magana."

"Wace irin magana?"

"Ni ma ban gano ba tukuna."

Aka loda mata duk abin da shebur ya ɗebo, ba zaɓe. Dogo ya ce ya san wani tsohon rami kusa da duwatsun Tsafe inda masu aikin titi suka taɓa haƙar burji, ba kowa a wurin, a juye a juyo. Suka kama hanya, Tambaya a gefe yana riƙe da ƙofar gefensa don ba ta kulluwa.

Ramin yana nan, amma ba a ce ba kowa ba. Akwai ɗan ruwa da ya rage a ƙasansa, shanu sun kewaye shi. Dogo ya juya motar ya fara ja da baya zuwa bakin ramin. Sai ga wani dattijon Bafulatani, sanda a kafaɗa, ya tako a hankali ya yi sallama. Ya ce sunansa Hamidu, rugarsu ce can gindin dutse. Ya tambayi lafiyar hanya, da ta iyali, da ta mutanen Gusau. Sannan ya zagaya bayan motar, ya miƙa hannu ya zaro wata doguwar ƙusa mai tsatsa da ɓallin gilashin taga, ya kawo su ya ɗora a tafin hannun Tambaya.

"Malam, wanga abu in ka zuba shi nan, wa za shi taka?"

Tambaya ya dubi shanun. Ya ce ai ƙasa ce kawai, ƙasar gidan mahaifinsa, mai albarka.

"Allah shi jiƙan maigida," in ji Hamidu. "Amma saniya ba ta sa takalmi."

Dogo, wanda bai iya doguwar magana ba, ya raɗa wa Tambaya cewa su juye kawai su gudu. Ya ja ƙarfen jak. Injin ya yi gurnani, motar ta girgiza, bodi bai motsa ba. Ya sake ja. Ya fito ya doki gefen motar da ƙafa, ya koma ya ja. Kafin ya gama wannan kokawa makiyaya sun ƙaru, kowa da sandarsa a kafaɗa, suna kallo kamar an kawo musu wasa. Tambaya ya ce wa Dogo a hankali ya bar jak ɗin nan haka, Allah ne ya hana shi tashi.

Ba wanda ya taɓa su. Hamidu ma cewa ya yi a kawo musu nono su sha kafin su juya. Suna sha idonsa ya faɗa kan tsohon ƙyauren zaure da ke saman lodin, da fallayen kwano a gefensa. Ya ce in dai zubarwa za a yi, shi yana so, zai yi wa maruƙa rumfa kafin damina. Tambaya ya hau da kansa ya miƙo masa. Haka suka koma Gusau da lodinsu cif, an rage ƙyaure da kwano, an ƙara musu nono a ciki. Da suka iso ƙofar gida Dogo ya ɗan jingina da ƙarfen jak yana shirin fita, bodi ya tashi sumul ya mayar da kayan daidai inda aka ɗebe su.

Tambaya ya ba Khadija labari, har da ƙusar da ya dawo da ita a aljihu. Ta jujjuya ta.

"To ai mutumen ya gaya maka gaskiya. Kuma ka ga ƙyaure ya samu mai so. Da ba a cakuɗe suke ba, wa ya sani ko sauran ma suna da masu so?"

Ba shi da wata dabarar, sai ya bi tata. Ya rufe keken ɗinki, shi da Dogo suka shiga tsibin da shebur da kwando. Fasassun bulo gefe guda, ƙasar bango gefe guda, azara a jingine, ƙusoshi da guntayen rodi a tsohon daro, gilashi a rami mai zurfi a bayan gida aka binne. Hannun tela bai saba da wannan ba, ya yi kanta ya fashe, Tambaya ya riƙa cin tuwo da cokali kamar baƙon Bature. Daron ƙarafan kuwa bai kwana ba: maƙerin unguwa ya zo wucewa ya gani, ya kwashe, ya aiko wa Khadija sabon murhu.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Tambaya ya tuna da duba-gari da wandonsa, ya ce wa Dogo ko ina ne a kai bulon nan. Dogo ya ce wannan karon Bungudu za su nufa, akwai wani kwari bayan Nahuce da zaizaya ta ci, ba shanu ba makiyaya.

Ba su kai kwarin ba. Dab da shiga Nahuce akwai inda hanya ta gangara, ruwa ya wanke ta ta zama taɓo. Dogo ya ce ya san irin wannan, gudu ake sa mata. Ya sa mata gudu, tifa ta shiga ta zauna har gindi. Ya taka mai, tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa laka. Ya sake takawa da fushi. Tambaya ya ji wani sauti a bayansu, ya waiga, sai ya ga sama ta bayyana a inda bulo yake. Ba wanda ya taɓa jak. Bodi ya miƙe tsaye abinsa, ya zazzage lodin gaba ɗaya a tsakiyar hanyar garin mutane.

Kafin ƙarar ta lafa sai ihu ya tashi daga cikin gari. Maza suka ɓullo a guje, wasu da fartanya, wasu da shebur, wani da galma a sama yana kiran na baya su yi sauri.

Tambaya bai tsaya shawara ba. Ya saki ƙofar da yake riƙe da ita, ita ma ta bi shi ta faɗi, ya diro cikin laka ya yanki gona. Takalmi ɗaya ya tsaya a kunyar farko, na biyu a ta gaba. Yana jin ana kiran "Alhaji! Alhaji, tsaya!" ya ce a ransa ba da shi ake ba, shi ko Kano bai cika zuwa ba balle Makka. Ya tarar da tsamiya a bakin gonar, ya haye ta da saurin da bai san yana da shi ba, ya lafe a reshe ya rufe ido yana salati, yana roƙa wa Dogo sauƙi.

Da shirun ya yi yawa ya buɗe ido ɗaya. Daga saman tsamiyar ana ganin hanya sarai. Ba wanda ke dukan Dogo. Mutanen sun duƙufa suna baje bulon cikin taɓon, manya a ƙasa, ƙanana a sama, suna daddaɓewa da turmi. Wasu suka cusa guntaye a ƙarƙashin tayoyin tifa, suka tura, ta fito tana tari. Dogo yana tsaye an ba shi kwanon fura yana nuna musu da hannu inda za su ƙara, kamar shi ya shirya abin tun daga gida.

Wani dattijo ya iso gindin tsamiyar riƙe da takalman Tambaya, ya ɗaga kai.

"Alhaji, barka da hutawa. Ni ne Isah, mai unguwar nan. Sauko mu gaisa."

Tambaya ya sauko, saukar ta fi hawan wuya. Baba Isah ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce kowace damina wurin nan ke yanke su da kasuwa, jakai su kafe, amalanke ta karye, mai naƙuda sai an ɗauke ta a kafaɗa. Sun kai kuka har sun gaji. Da sunka ji an yi sabuwar jiha sunka ce wataƙila yanzu a tuna da su, ga shi kuwa ba a daɗe ba gwamnati ta aiko.

"Baba," in ji Tambaya, "ni ba gwamnati ba ne. Tela ne ni."

Dattijon ya dube shi daga kai har ƙafafunsa masu laka.

"To. Ko kai wane ne, akwai saura?"

Akwai saura. Mutanen Nahuce suka ce su za su zuba wa tifa mai, su kuma aiko samarinsu su yi lodi. Aka sallami Tambaya da zakara da ƙwan zabi a ƙwarya. A hanya ya gargaɗi Dogo kada ya kuskura ya ambaci tsamiya a Gusau. Dogo ya rantse, kuma ya cika alkawari har zuwa tashar mota, inda ya tsaya shan shayi.

Labarin ya zaga har ya kai Wanke, wurin Inna Luba, ƙanwar mahaifin Tambaya. Tsohuwa ce mai gonaki da baki, ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Abin da ya isa kunnenta shi ne ɗan wanta yana rabar da gidan gado ga mutanen Bungudu. Ta iso Gusau a gaban amalanken shanu, wasu amalanken na biye da ita.

"Kai Tambaya! Ashe ba ka da dangi? Gidan yayana za ka kwasa ka kai ma baƙi, ni ina Wanke ban mutu ba?"

"Inna, bulo ne kawai, hwasasshe..."

"Wa ya tambaye ka bulo? Bulo ci nai nikai?" Ta wuce shi ta nufi tsibin ƙasar bango, ta damƙo ta murje ta shinshina. "Tun kakanka ake hura wuta jikin wagga katanga, tumaki na hitsari gindinta, ana zuba toka. Wane taki za ka saya da ya kai ta? Ku ɗebe!"

Aka yi ta ɗiba. Amalanke suka yi ta zirga-zirga tsakanin Gusau da Wanke, Inna Luba na zaune a kan turmin Khadija tana ba da umarni tana cin gyaɗa. Azarar ma ta ce ta rumbunta ce, ta bar wa limamin unguwa kaɗan don gyaran rumfar masallaci. Tifar Dogo ta kwashe ragowar bulo zuwa Nahuce. Lungu ya buɗe, 'yan ga-ruwa suka dawo, awaki suka yi ta zagaye filin suna neman dutsensu. Da duba-gari ya zo ya tarar da wuri fes, har ya ɗan nuna kamar bai ji daɗi ba.

Tambaya ya koma bakin kasuwa yana taƙama. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji yadda aka kawar da gida guda ba tare da an zubar da ko kwando ɗaya a daji ba, kuma a yadda yake ba da labarin, tun ranar da aka sa diga ya tsara komai.

Sai ya kira Salisu magini a fara aiki. Salisu ya zagaya filin, ya tsaya a tsakiya, ya dubi lungu, ya dubi ƙafafunsa.

"Malam Tambaya, wurin ga ya yi ƙasa. An kwashe har da ta gindi. In munka yi gini haka, duk ruwan unguwa ɗakin 'yan hayarka za shi kwana. Sai an yi ciko. Ina baraguzan da kunka rushe? Su za mu maida, ba abin da ya hi su."

Khadija da ke jin su daga bakin ƙofa ta koma ciki da sauri, ana jin dariyarta har waje.

Tambaya ya hau mota ya tafi Nahuce da niyyar ya roƙi a dawo masa da ko rabi. Ya tarar da bulonsa ya zama hanya, motar hatsi na bi ta kai. Mutane suka gan shi suka yi caa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, Baba Isah ya sa aka yi masa addu'a doguwa. Ya shafa, ya yi godiya, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Ya wuce Wanke. Inna Luba ta ja shi gona ta nuna masa. Inda aka baza ƙasar bangon, gero ya yi duhu ya fi na gefe tsawo, ganyensa shar. Tambaya ya tsaya yana kallo. A jikin wannan ƙasar mahaifinsa yake jingina da yamma yana jan carbi, a nan shi ma ya koyi zama. Bai yi tsammanin abin zai taɓa shi ba, sai da ya share ido da hannun riga. Da ya daure ya ambaci ciko, Inna ta ce in ya ga zai iya tsince ta daga gindin gero bismillah, in ba haka ba ya jira kaka ta aiko masa da dami.

Ya dawo Gusau a gajiye, ya sauka a mota ya biyo ta wata unguwa a ƙafa. Yana shan kwana sai ya ga tsibi. Ya ma fi nasa. Akuya a sama, duba-gari a gefe yana nuni da yatsa, maigidan kuma, wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Bashar, yana zaune a kan guntun bulo ya yi tagumi.

Tambaya ya gyara hula, ya rage sauri, ya ƙarasa da sallama cikin natsuwa irin ta likita. Ya zagaya tsibin hannu a baya. Ya tsinci ƙusa ya duba ya girgiza kai.

"Alhaji, ina kaka shirin kai shi?"

"An ce akwai wani rami wajen Tsahe."

"Kada ka soma," in ji Tambaya. "Ka bar min shi. Amma sai an rarrabe, kuma leburorinka za su yi."

Alhaji Bashar ya miƙe ya rungume shi. Bulon ya tafi filin Tambaya ya zama ciko, ƙasar ta tafi Wanke inda maƙwabtan Inna Luba suka riga suka fara tambaya, ƙarafan suka tafi maƙera. Salisu ya ɗora harsashi, bayan kaka ɗakunan suka tsaya, kuma kafin fenti ya bushe an shiga.

A shekarun nan rushe-rushe bai tsaya ba a Gusau, duk wanda tsibi ya tsare wa ƙofa sai a ce masa ya nemi Tambaya. Keken ɗinki ya koma hannun Khadija, aka kuma gano ta fi shi iya wuyan riga. Shi da Dogo suka zama ba a raba su, ya san wane ƙauye ke neman bulo, wane manomi ke jiran ƙasa, wa ke son taga.

Illa ɗaya sana'ar ta bar masa. Ba ya iya zama kusa da tsohon gini bai auna shi da ido ba. Wata rana aka gayyace shi suna a Bungudu, gidan wani dattijo Malam Sani. Ana zaune a zaure ana raba goro, Tambaya ya shagala, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bangon, ya kanga kunne, ya ɗaga kai yana bin azara ɗaya bayan ɗaya. Malam Sani ya taso da kansa, ya kama hannunsa, ya fito da shi waje ya sa aka shimfiɗa masa tabarma shi kaɗai a gindin dalbejiya.

"Zauna nan, Malam Tambaya, za a kawo maka naka tuwon. Katangata lahiyarta lau."